Ki Kira Nafisa da Sunanta

Anguwan Rogo, Jos.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Mubi lafiya, ke da Malam Kabiru da amaryata Nafisa. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, ya sa ruwan garin ya karɓe ku, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Innarku tana gaishe ku. Bilkisu da sauran ƙannenki ma suna gaisuwa.

Na ba Malam Kabiru takardar na ce kada ya miƙa miki sai kun sauke kaya kun huta. Kin san ni da ke ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba, abin da ke cikina kuwa dogo ne. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun nan ya tsufa da almakashi kafin ya san biro, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci. In kin ga layi ya karkace, ki bi shi a hankali, zai kai ki inda za shi.

Ni ɗan garin nan ne. Mahaifina ya zo haƙar kuza, a nan aka haife ni. Na ga jirgin ƙasa, na ga rediyo ta shiga gidaje, na ga talabijin, yau ga ni ina yawo da waya a aljihu ba igiya ba komai. Duk waɗannan na yi mamakinsu na ɗan lokaci, na saba. Amma abin da aka sa wa Nafisa a kai, har yau ban saba da shi ba. Kullum da safe in aka rataya mata na'urar a kunne, aka kai ɗan faifan nan bayan kanta ya manne da kansa, sai in ga idon yarinyar ya buɗe kamar an ɗaga labule. A ce ɗan Adam ya yi aiki a ƙashin kan yarinya, ya zura wata siririyar waya cikin kunnen da aka haife shi a toshe, sai ga sauti ya sami hanya. Wanda ya halicci kunnen shi ne ya ba likitocin nan ilimin, kuma shi ne ya kawo su garinmu daga ƙasarsu mai nisa a daidai lokacin da muke bukata. Ban san da wane baki zan gode masa ba.

To amma ba don in ba ki labarin da kika sani na ɗauki biro ba. Akwai kurakuran da na yi a kan yarinyar nan. Ina so in nuna miki su ɗaya bayan ɗaya don kada ki haɗa su cikin kayanki ki tafi da su.

Da aka yaye Nafisa, Innarku ta ɗauko ta kamar yadda ake yi wa 'yar fari, ta dawo hannunmu. A shago take wuni, a kan tabarma kusa da keken ɗinki. Keke yana ruri, rediyo tana magana, 'yan acaɓa suna ta hon a bakin titi, ita kuwa tana barcinta. Duk wanda ya kawo ɗinki sai na nuna masa ita na ce, "Ka ga jikata? Haƙuri kamar waliyyiya." Da ta fara tafiya takan zo ta ɗora tafin hannunta a kan katakon keken in ina ɗinki, ta yi ta dariya. Na ce ga magajiyar sana'a. Ashe da hannu take jin abin da kunne ya hana ta. Ran da dutsen guga ya faɗo a bayanta kowa ya zabura ita ko waige, na ce jarumta ce. Malam Kabiru ya zo da ladabinsa ya ce, "Baba, da mun kai ta asibiti an duba." Na ce masa a dakata, yara sun bambanta, kawunta ma bai yi magana da wuri ba. Ya bar maganar saboda ni surukinsa ne. Da daga baya muka je, abin da likita ya fara faɗa shi ne irin wannan aiki ya fi kyau tun yaro yana ƙarami sosai. Likitan bai zarge ni ba, amma na san wanda ya ɓata lokacin.

Saboda haka in kika ga wani abu ya sauya, ko ta daina juyowa in an kira ta, ko wurin ɗinkin ya kumbura, ko zazzaɓi ya kama ta tana taɓa kunne, kada ki jira wani babba ya ce bari mu gani. Ko ni ne na faɗa a waya, ki ce to Baba, ki ajiye wayar ki ɗauke ta ku tafi asibiti. Addu'a kuma ki yi ta a hanya.

Sai ranar da aka kunna na'urar. Kin tuna bayan tiyata an ce a jira ciwon ya warke tukuna. A wannan jira na cika unguwa da labari. Na faɗa a masallaci, na faɗa a wurin mai shayi, na ce ran kaza jikata za ta yi magana. Na sa Innarku ta dafa shinkafa da yawa. Ni a zatona kamar fitila ce, a danna ta kawo haske. Har na shirya abin da za ta fara faɗa, wato Kaka.

Aka zaunar da ita a gaban kwamfuta, likita ya danna abin da zai danna. Yarinya ta sandare. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi bango, sai ta ƙwalla ƙara ta fizge faifan ta yar, ta cusa kai cikin zanen Innarku. Muka dawo gida mutane sun cika zaure suna jira, ni kuma ba ni da abin nunawa sai yarinya mai kuka. Shinkafar dai an ci.

Washegari na koma asibitin raina a ɓace, na sami malamar da ke koya wa irin waɗannan yara magana, Malama Simi. Na ce mata abin bai yi ba. Ta yi dariya, ta ce mini da irin Hausarta, "Baba, ya yi mana. Kukan nan shi ne ya nuna ya yi. Kunnen shi sabo ne, jiya an haife shi. Jariri yana magana ranar da an haife shi?"

A hanyar dawowa na tuna ranar farko da na shiga ajin yamma. Idona lafiya lau, ina iya zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Amma da malami ya cika allo da rubutu, abin da na gani tsutsotsi ne kawai da ƙafar kaza. Ganin ina gani, karatun ne babu. Sai da aka yi ta nuna mini haruffa, wannan ba ce, wannan da ce, yau a faɗa gobe in manta jibi a sake, kafin wata rana ina tafiya a Titin Bauchi na ɗaga kai na karanta abin da aka rubuta a jikin wata mota ba tare da na yi niyya ba. Na tsaya a tsakiyar hanya kamar wawa har wani direba ya zage ni. To haka Nafisa take. Na'ura ta buɗe ƙofa, amma duk abin da ya shigo hayaniya ce a wurinta, sai an nuna mata wannan zakara ne, wannan cokali ne, wannan muryar mutum ce. Kada ki ƙosa. Kada ki riƙa auna ta da yaran maƙwabta da suka yi shekara da shekaru suna ji. Ki auna ta da yadda take watan jiya.

A bencin jira na asibitin na zauna da iyaye iri-iri, kowa da abin da yake cewa. Akwai wani bawan Allah da ya zo daga nesa, ya ce an yaudare shi, wata da watanni ɗansa bai ce uffan ba. Da aka bincika, ashe na'urar tana cikin akwati, sai za a zo ganin likita ake fito da ita don kada ta lalace. Akwai wata mata da ta ce ita 'yarta har waƙa take yi, amma har gobe ba ta gane magana in mutane sun yi yawa. Wanda maganarsa ta fi zauna mini shi ne Oga Uche, Inyamurin nan mai sayar da kayan wuta a Titin Bauchi. Ɗansa ya girmi Nafisa sosai lokacin da aka yi masa aikin, don haka bakinsa ya yi nauyi, har yanzu kalmominsa sai uwarsa ke ganewa. Na tambaye shi ko bai yi da-na-sani ba. Ya dafa gwiwata ya ce, "Baba Tela, ni ban ce yaro ya zama lauya ba. Jiya mota ya yi hon a baya, yaro na ya juya, ya ba shi hanya. Da fa? Da sai na riƙe hannun shi kamar akuya. Ni wannan ya ishe ni, sauran jara ne." Tun daga ranar, in na shiga wucewa ta shagonsa sai ya ƙwala mini kira, "Baba Tela, amarya ya ce me yau?" Ni ma in tambaye shi nasa. Ki nemi irin waɗannan iyaye a inda kika je, ko yarensu ba naki ba ne. Sun fi dangi gane halin da kike ciki.

Mu kuwa Allah ya ba mu jarar nan, wato gyara, da yawa. Wata rana ta gano takalminta yana ƙara in ta taka siminti, ta wuni tana zirga-zirga daga zaure zuwa kicin tana kallon ƙafarta. Wata asuba aka sa mata na'urar da wuri, ladan ya ɗaga murya, ta saki kofin da ke hannunta ta fita tsakar gida tana neman mutumin a sama. Na tsaya riƙe da buta, alwalar ta gagare ni. Ni da na shekara sittin da wani abu ina jin kiran sallah, ranar na ji shi kamar ban taɓa ji ba. Kalmarta ta farko kuma, bayan duk wahalar da na sha ina nuna ƙirjina ina cewa Kaka, sai ta nuna keken ɗinki ta ce, "Keke." Innarku ta yi guɗa ta ce, "To ango, ka ji. Ba kai take so ba, dukiyarka take so." Na ce ba komai, in ta tashi ta haɗa da almakashin.

A nan ma na sake yin wauta. Murna ta sa na mai da ita abin kallo. Duk baƙon da ya shigo sai in jawo ta, "Ce keke. Ce Inna. Gai da Alhaji." In ta yi shiru sai in ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kwari. Har na hana ta nuni da hannu, in ta nuna randa sai in riƙe hannun in ce sai ta faɗa da baki. Sai yarinya ta fara gudun shagon. Da na lura na daina, amma ta daɗe kafin ta dawo ta zauna kusa da ni. Ihu ba ya ƙara mata ji, dagula mata sautin yake yi. Ki matso kusa, ki bari ta ga fuskarki, ki yi magana yadda kike yi da kowa. Hannunta kuma ki bar mata. In za ta yi wanka ana cire na'urar, in za ta kwanta ana cirewa, in batir ya mutu ba wuta shi ke nan. A waɗannan lokuta Nafisa kurma ce kamar yadda aka haife ta, kuma ba abin kunya ba ne. In ba ku da yaren hannu a tsakaninku, da me za ki lallashe ta?

A cikin jakar da Innarku ta ɗaure miki akwai riguna da na ɗinka mata, har da waɗanda sai baɗi za su yi mata daidai. Kowacce akwai ɗan aljihu daga ciki mai maɓalli, inda ɗan akwatin batirin na'urar zai zauna ba ya lilo, da 'yar hanyar da waya za ta bi ta wuya. In za ki ba wani tela ɗinki a can, ki kai masa ɗaya ya gani, kada ki tsaya yi masa bayani, teloli ba ma jin bayani. Hijabin kuma na yi shi da yadi mai laushi, don mai kauri yana gogar na'urar ya cika mata kunne da ƙara. Ki kiyaye ta da ruwa. Kada batir ya yanke miki, kuma ranar da aka sa muku ta dawowa Jos a saita na'urar, ko ana biki a gidan wa, ku taho. In matan unguwa suka tambaya mene ne wannan a kanta, kada ki ja mayafi ki rufe. Ki ce na'urar ji ce, ki bar su su kalla su gaji.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na rubuta takardar. Duk na sama da zan iya aiko Bilkisu ta faɗa miki. Wannan kuwa sai ni.

Kin tuna ranar da muka je wurin Malama Simi mu duka. Ta ɗauki biro ta ce, "Mene ne sunan yarinyan?" Na ce Amarya. Innarku ta ce Hajiya Ƙarama. Malam Kabiru ya ce Mami. Bilkisu ta ce Fisa. Malamar ta ajiye biron ta ce, "Yara nawa kuka kawo mini?" Aka yi dariya. Ta ce daga yau suna ɗaya, kowa ya kira ta da shi, don ta san nata ne. Sannan ta juyo gare ki ta ce, "Madam, ke fa? Kira shi in ji."

Kika sunkuyar da kai, kika ja mayafi. Innarku ta amsa a madadinki, ta ce, "Ai 'yar fari ce, malama. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kula shi a gaban mutane. Kunya ce."

Malamar ta dube mu ta ce, "To Mama, in uwa bai yi magana ba, wa zai cika kunnen?"

Ni ne na buga ƙirji na ce, "Gidanmu cike yake da baki. Mu za mu yi." Kuma a raina alfahari nake da ke. Na ce ga 'yar da ta sami tarbiyya, ko a gaban 'yan boko ba ta zubar da al'ada ba. Muka kuwa yi. Ni a shago, Innarku a kicin, Bilkisu da ƙannenki a tsakar gida, kowa Nafisa kaza, Nafisa kaza. Ke kuma kina zuwa kullum da rana, ki wanke kayanta, ki goge na'urar, ki duba batir, ki yi mata kitso a hankali kina kauce wa tabon, duk ba tare da kin ce mata komai ba. In ta kama dole sai ki ce, "Ke," ko ki ce wa Bilkisu, "Ce wa yarinyar nan ta zo."

Da aka yi wa Malam Kabiru canjin wurin aiki zuwa Mubi, Innarku ta ce a bar mana Nafisa, tunda a can ba kowa a gidan sai ke, shi kuma yana wurin aiki tun safe. Aka tambaye ki, kika ce, "Duk yadda kuka ce." Ni ma na yarda. Gaskiya ma na ji daɗi, don ban san yadda shagon zai kasance ba tare da ita ba.

Sai ranar Juma'ar nan da aka yi ruwa da ƙanƙara. Mun dawo daga masallaci ke nan hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, kina gidan, muna zaune a rumfa mu duka. Ƙanƙara ta fara dukan kwano. Nafisa ta sha ganin ruwan sama, amma irin wannan ruwa mai ƙanƙara bai taɓa sauka tana sanye da na'urar ba. Ta miƙe tsaye. Ta dubi rufin, ta taɓa kunnenta, bakinta a buɗe. Na buɗe hannu ina jira ta zo ta tambaye ni kamar yadda ta saba. Ta wuce ni. Ta wuce Innarku, ta wuce Bilkisu. Ta zo ta kama zanenki, ta nuna sama, ta ɗaga kai ta zuba wa bakinki ido.

Na ga leɓenki ya motsa. Sai kika dube ni, kika dubi Innarku, kika juya kika ce, "Bilkisu, gaya mata ruwa ne." Bilkisu ta faɗa. Yarinyar ba ta ko waiga ba. Ta ci gaba da kallon bakinki tana jira, har ruwan ya tsagaita, sannan ta saki zanen a hankali ta koma ta zauna.

Wannan tsayuwar na san ta. Na taɓa ganin ta. Wata yarinya ce 'yar ƙarama, ta tsinci ƙyallaye a ƙarƙashin kekena ta ɗinka wa 'yartsanarta riga da hannu, har da wuya da aljihu. Ta kawo shago ta tsaya a gabana tana miƙo mini, akwai mutane a zaune. A raina na ce wannan ɗinki ya fi na wasu masu shago. Amma 'yar fari ce. Sai na juya na ƙwala wa Innarku kira na ce, "Ce mata ya yi kyau, ta koma ciki." Ta tsaya tana kallon bakina. Daga nan ba ta sake kawo mini komai ba.

Ban yi haka don ƙi ba, kin sani. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka aka yi wa Innarku. Kuma ke kina da kunne biyu lafiyayyu, abin da ban faɗa miki ba kin tsinta a bakin wasu, kin girma lafiya. Nafisa ba ta da wannan. Ba ta tsintar magana daga nesa kamar sauran yara, sai wadda aka kawo mata kusa aka sa mata. A Mubi kuma ba shago, ba Bilkisu, ba Inna. In kika yi shiru, gidan ya yi shiru, na'urar nan da ta ƙetaro teku za ta zauna a kanta tana jin ƙarar tukunya da kukan kaji, kalmomin da muka tara mata su zube ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa na sauya magana na ce a tafi da ita. Innarku ta yi fushi da ni, har yau tuwona da gudaji yake zuwa. Ta ce, "Kai da ka fi kowa sonta?" Na ce mata yarinya ta riga ta zaɓi bakin da take so ta ji, ba namu ba ne. Na kuma tambayi liman don zuciyata ta kwanta, ya ce wannan kunya al'ada ce mai kyau a wurinta, amma ba addini ba ce, kuma ba a riƙe al'ada a cutar da yaro.

Saboda haka ni mahaifinki na ɗauke miki wannan kunyar. Sauran kunyarki ki riƙe, ta surukai da ta manya, ado ce. Amma tsakaninki da Nafisa babu ita. Ki kira ta da sunanta, da safe da rana, a ɗaki da gaban mutane. In kina girki ki zaunar da ita kusa ki ce ga albasa, ina yanka albasa, albasa ta sa ni hawaye. In kina wanki ki faɗa, in kina shara ki faɗa. Ki yi mata waƙar da Innarku ta yi wa ƙannenki, na san kin iya, na sha jin kina yi wa 'ya'yan mutane. In ta faɗi kalma a karkace kada ki ce ba haka ba ne, ki maimaita mata daidai kina murmushi. In aka yi ruwa, ki ce mata ruwa ne da bakinki. Za a yi magana, na sani. Wata za ta ce dubi marar kunya tana kama sunan 'yar fari kamar Baturiya. Ki ce mata babanki ne ya sa ki, in tana da ƙorafi ga shagona a Anguwan Rogo, a buɗe yake.

Na san abin zai yi miki nauyi a baki. Na sani don na gwada. Bai kamata in ɗora miki abin da ni na kasa ba, don haka tun ranar ƙanƙarar nake koyo a shago. Sai in taka keke da ƙarfi yadda ba mai ji, in faɗa a hankali. Farko harshena ya ƙi. Ni na raɗa miki sunan nan a kunne ranar da aka haife ki, ni na faɗa wa liman ranar suna, daga nan ban sake furta shi ba. Na zaɓe shi ne don ina sonsa.

Hadiza.

Ga shi na rubuta, kuma ina rubutawa na faɗa da ƙarfi ba tare da keke ba. Innarku ta leƙo daga kicin da muciya a hannu ta ce, "Malam, wa kake kira?" Na ce 'yata nake kira. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Tsufa ya zo," ta koma ciki. Amma na ji tana jan hanci, kuma ba albasa take yankawa ba.

Hadiza, rigar 'yartsanar nan ta yi kyau. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai.

In kin gama karantawa ki kira Nafisa, sannan ki buga mini waya ki sa ta kusa, ina so in ji da kunnena yadda sunan yake a bakinki. Ni ma zan kira naki, kada ki ajiye wayar don kunya.

Allah ya yi miki albarka, ya yi wa aurenki albarka. Allah ya raya Nafisa, ya buɗe kunnenta ga alheri, ya saki harshenta, ya sa mu ga ranar da za ta karanta wannan takarda da kanta ta yi dariyar rubutun kakanta. Allah ya saka wa waɗanda suka yi mata aiki da alheri. Ya tsare ku a zaune da tafiye, ya dawo mana da ku lafiya. Ki gai da Malam Kabiru. Ki gaya wa amaryata keke yana nan yana jiran ta, angon ma haka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sule Tela.